Baba Yahuza da Agogon Kyamarar Sito

Ni na ɗaura kyamarar tsaro ta farko da na taɓa gani a unguwar Takur ta Dutse, kuma ni na kusa sa a yanke wa wani bawan Allah hannu da ita. Sunana Muhyiddeen. Gyaran rediyo da talabijin nake yi tun ina saurayi, shi ya sa ake ce mini Injiniya, kuma duk wanda ya san ni a Dutse zai gaya maka ina da saurin fushi da son a ce na iya. Ba labarina na zauna bayarwa ba. Na Baba Yahuza ne, mai gadin siton Alhaji Muntaka, Allah Ya jiƙansa. Sai dai ba yadda zan ba da nasa ban tona wa kaina asiri ba.

Baba Yahuza mutumin wani ƙauye ne gabas da Jahun. Mahaifinsa ladan ne a masallacin da ba agogo ba lasifika, don haka tun yana ƙarami aka koya masa gane lokaci da inuwa. Mutum zai tsaya a fili, ya duba inda inuwar kansa ta ƙare, ya auna ta da tafin ƙafa, taku bayan taku. Kowane wata da adadin takun da azahar take shiga a kansa, la'asar ma haka. Ya gaji kiran salla, ya yi noma, ya yi kiwon 'yan awakinsa. Farin da aka yi a shekarun tamanin ya cinye awakin ya bar rumbu wayam, daga nan ya fara fita cirani. Da aka ƙirƙiro jihar Jigawa aka ce Dutse ce hedikwata, gari ya cika da tifa da siminti da 'yan kwangila, kowa yana neman wanda zai zauna masa a kan kaya. Ya shigo a 1992 da tabarma da buta da gora. Shekara guda ya yi yana gadin bulo a gindin duwatsun nan, sannan Alhaji Muntaka ya ɗauke shi.

Alhaji yana sayar da takin zamani da maganin feshi da injinan ban ruwa na masu noman fadama. Sitonsa dogo ne, ƙofar gaba ta ƙarfe tana kallon titi, ta baya kuma ƙarama ce, tana fita wani lungu, da sakata ake rufe ta daga ciki.

Gadin Baba ba irin na masu zare ido ba ne. Ban taɓa ganin ya ɗaga gorar nan a kan mutum ba. Gaisuwa ce makaminsa. Duk wanda ya gifta sau biyu, a na uku Baba ya san sunansa da garinsu, zai tambaye shi jikin mahaifiyarsa da ya ji an ce ba ta da lafiya. To wa zai yi sata a wurin da aka kira sunan ubansa da safe? Tabarmarsa kuma bin inuwa take yi. Da hantsi tana gaba, in rana ta karkata ya ja ta lungun baya, in ta yi sanyi ya dawo. Masu shagunan layin ba sa duba agogo. In sun ga Baba ya miƙe ya ɗauki buta, kowa ya san azahar ta yi.

Abu ɗaya aikin ya raba shi da shi, sallar Juma'a. Ranar Juma'a layin kan watse gaba ɗaya, ɓarayi kuma sun san haka. Shekara kusan goma ɗan ladan yana jin huɗuba daga nesa ta lasifika, ya tashi ya yi azahar shi kaɗai a bakin ƙofa. Malamai sun ce masa yana da uzuri. Bai taɓa yin ƙorafi ba, amma na sha ganinsa ranar Juma'a da wankakkiyar riga da turare, zaune a kan tabarma.

A 2002 Alhaji ya dawo daga Umara yana ba da labarin wani shago da ya shiga ya ga kansa a talabijin. Ya aike ni Kano in samo masa irinta. Na dawo da kyamara ɗaya, da ƙaramar talabijin mai baƙi da fari, da na'urar ɗauka mai cin kaset, wadda kaset ɗaya ke kai ta yini da kwana. Na'urar ta hannu ce, sabuwa ba ta samu ba. Na kafa kyamarar a saman katangar maƙwabta tana kallon ƙofar baya, tunda gaba akwai Baba.

Ranar da na kunna ta, layin nan kaf ya taru. Manya da gemu suna zagayawa lungu su ɗaga hannu, su rugo su tambaya ko an gan su. Ni kuwa kaina ya kumbura. Baba ya tsaya a bayan mutane yana kallo, sai da aka ragu ya matso.

“Injiniya, tana ƙiftawa?”

“Ba ta ƙiftawa, Baba. Ba ta gyangyaɗi, ba ta zuwa kama ruwa, ba ta tsufa.”

Da gayya na faɗa, don a yi dariya, aka kuwa yi. Shi ma ya yi murmushi ya ce, “To madalla. Na samu abokin aiki.”

Kuma da gaske yake. Na zaci zai yi kishi da ita ko ya ji tsoron ta ƙwace masa aiki, ashe ba haka ba. Kullum da safe sai ya jingina tsani ya goge mata gilashi da wani farin ƙyalle da ya ware mata. Shi yake canza kaset. Bai iya boko ba, sai ya karɓi kaset bakwai ɗin ya rubuta wa kowanne sunan ranarsa da ajami. Alhaji da ya ga haka ya ce masa daga yanzu ranar Juma'a ya kulle gaba ya tafi masallaci, na'ura ta riƙe baya. Juma'ar farko tare muka tafi. Da aka idar bai tashi da wuri ba, na bar shi a zaune yana share ido da bakin rawaninsa.

Yanzu ga laifina. A ƙasan hoton akwai lamba mai nuna lokaci. A cikin na'urar akwai wani ɗan batir kamar ƙwayar magani, shi ke riƙe agogon in an ɗauke wuta. Na wannan ya mutu. In aka ɗauke wuta aka dawo da ita, na'urar za ta ci gaba da ɗauka da kanta, amma agogon sai ya koma sha biyu daidai ya fara lissafi daga nan. Tun makon farko na gane. Na ce in na shiga Kano zan sayo. Na shiga Kano sau uku ban sayo ba. In na biyo ta sito sai in daidaita agogon da na hannuna in wuce, ban gaya wa kowa ba. Yaya za a yi Injiniya ya ce kayan da ya kawo da ɗan matsala?

Bayan an gama girbin gero, lokacin da masu noman rani ke neman inji, wata Juma'a aka dawo daga masallaci aka tarar da ƙofar baya a buɗe. Injin ban ruwa huɗu sun yi ƙafa, sababbi a kwalinsu. Ba a fasa komai ba. Wani ne ya ɓuya a ciki kafin a kulle, ya zare sakata.

Aka aiko a kira ni. Babu wuta, na zo da janareta. Ina kunna na'urar agogon ya fara ƙyafta sha biyu, na ba mutane baya na gyara shi da sauri. Na mayar da kaset ɗin Juma'a farko. Lambar ta fara daga sha biyu daidai. Wannan kaɗai ya isa ya tsayar da ni. Sai na ce wa raina ai Baba ne ya sa kaset ɗin da rana kafin ya tafi masallaci, na danna gaba. Lungu shiru, akuya ta wuce, lungu shiru. Sai ga ƙofa ta buɗe, mutum ya fito da kwalin inji a ka. Fuskarsa tar. Lambar tana cewa ƙarfe ɗaya da minti arba'in da bakwai, daidai lokacin da liman yake kan mumbari.

Kamilu ne, ɗan dakon sito. Magidanci ne ɗan wajen Garki, da matarsa Rakiya da 'ya'ya biyu, shekara shida yana sauke wa Alhaji taki. Abin da yake ci da shi ke nan, wuyansa da hannayensa.

Ya rantse ya maya. Ya ce inji ɗaya ya ɗauka ranar, da safe, na wani manomin Jahun da motarsa ta tsaya a lungu, kuma Malam Barau mai kula da sito ne ya sa shi. Malam Barau ya ce ƙwarai an yi haka da safe, amma wannan na hoton ai ƙarfe biyu saura ne. Aka tambayi Kamilu inda ya yi Juma'a. Ya ce ya makara, a sahun kan titi ya yi, cikin baƙin ƙauye. Ba wanda zai shaide shi. Aka tafi da shi aka tsare.

Shekara biyu ke nan da ƙaddamar da shari'a a jihar. Ni dai ban taɓa ganin wanda aka yanke wa hannu da idona ba, amma kowa ya san hukuncin wanda ya ɗauki kaya masu daraja daga rufaffen wuri, kuma a bakin kowa maganar take. A majalisun shayi har an gama shari'ar. Wai ga hoto, me ya rage? Mu biyu, ni da Malam Barau, mutane suke lissafawa a matsayin shaidu, wai ai mun gani da idonmu. Abin da ya fi muni, wasu masu ganin suna taimako suka riƙa aika wa Kamilu shawara a tsare cewa ya amsa laifi kawai za a sassauta masa, alhali amsawar ita ce hanya mafi kusa zuwa ga wuƙa. Rakiya ta zo shagona da goyo, ta durƙusa daga bakin ƙofa, ta ce mijinta ya fara cewa ko ya amsa ne ya huta. Ta ce, “Malam, don Allah, na'urar nan ba ta taɓa yin kuskure?”

Na daka mata tsawa. Na ce ita ta ƙera ta? Ta tashi ta tafi. Rediyon da ke hannuna ranar ban iya gama shi ba.

Kwana goma sha ɗaya ana kallon kaset ɗin nan. Alhaji ya kalla, 'yan'uwansa sun kalla, masu bincike sun kalla, har mai shayin layin ya kalla sau biyu. Mutum ɗaya ne ba wanda ya yi tunanin ya nuna wa, shi ne Baba Yahuza. Ai bai iya karanta lamba ba. Shi kuma ba mai kutsa kai cikin taro ba ne, ga nauyin da yake ji cewa yana masallaci aka shiga wurin da aka ba shi amana. Ya rame a kwanakin nan.

Ranar zaman kotu aka kira shi don ya faɗi abu ɗaya, cewa ya kulle ya tafi. Ya faɗa ya koma ya zauna a ƙasa. Alƙalin dattijo ne mai sanyin magana. Ya ce hoto ba shaida ba ne a wurinsa, amma yana so ya gani, yana kuma so ya ji ta bakin wanda ya san na'urar. Na haɗa waya, na kunna, na tsayar da hoton a inda Kamilu ya fito. Kamilu yana gefe a tsugune, ya cusa hannunsa na dama a hammata.

Alƙali ya nuna ƙasan talabijin ya ce, “Wannan lambar agogo ce?”

Na ce, “Agogo ne, Allah Ya gafarta Malam.”

“Yana kuskure?”

Alhaji yana kallona, rabin Takur suna leƙe ta taga. Na ce, “Ba ya yi.”

Da bakina na faɗa, kuma Allah Yana ji.

Alƙali ya juya wajen Kamilu zai yi magana, sai aka ji muryar Baba daga ƙasa. “Allah Ya gafarta Malam, a yi mini izini in matso. Ban taɓa ganin hoton ba.”

Aka ba shi hanya. Ya durƙusa gaban talabijin har hancinsa ya kusa taɓa gilashi. Na lura ko fuskar Kamilu bai kalla ba, balle lambar. Ƙasa yake kallo da bango. Ya ɗan jima, sannan ya ɗago.

“Wannan ba lokacin Juma'a ba ne. Hantsi ne.”

Wasu suka yi dariya. Ni ban yi ba.

Alƙali ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce, “Malam Yahuza, da me ka gane?”

Baba ya sa yatsa a kan gilashin. Ya ce ƙofar nan gabas take kallo. Ga rana a fuskar Kamilu har ya runtse ido. Ga kuma inuwar falwayar wutar da ke tsallaken lungu, ta kwanto ta haye bangon sito, kanta ya kai wajen wannan tsagar da ke gefen ƙofa. Ya ce in rana ta karkata, inuwar falwayar barin sito take yi ta koma gabas, bakin ƙofar kuma ya zama inuwa. “A nan nake shimfiɗa tabarmata bayan azahar, shekara tara. Da rana tana dukan wurin a lokacin, da ban zauna ba.”

Muka zuba wa hoton ido. Wallahi ga abin nan ɓaro-ɓaro. Baƙin layi ya ratsa lungu ya hau bango, ga hasken rana a goshin Kamilu. Na kalli hoton nan ya fi sau talatin, ban taɓa ganin inuwar ba.

Alƙalin ashe ya yi karatun zaure. Ya gyara zama ya ce, “A watan nan, taku nawa azahar take shiga?”

“Uku da ɗan ɗori, Allah Ya gafarta Malam. Wata mai zuwa ta kai huɗu.”

Alƙali ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce an ɗage zama, gobe da safe kotu za ta koma lungun bayan sito.

Washegari tun ƙarfe takwas da rabi lungun ya cika. Alƙali ya zo da kansa, aka kawo masa kujera, aka fito da talabijin bakin ƙofa aka yi mata rumfa da tabarma don a iya gani. Na tsayar da hoton. Inuwar falwayar a lokacin tana can sama da tsagar, ta kusa kai rufi. Baba ya ɗauki gawayi ya je jikin bango. Bai yi alama a kan tsagar ba, sai ya matsa gefen arewa kamar faɗin tafin hannu ya ja ɗan layi. Malam Barau ya ce ai a hoto a kan tsagar take. Baba ya ce, “Ranar nan ke nan. Yau kwana goma sha biyu, rana ta ƙara yin kudu.”

Muka tsaya muna kallon inuwa tana saukowa. Ban taɓa tsayawa na kalli inuwa tana tafiya ba a rayuwata. Ba ka ganin motsinta, amma in ka ɗauke ido ka dawo ta sauka bulo guda. Kamilu yana tsaye tsakanin masu tsaronsa, leɓensa yana motsi. Kan inuwar ya sauko, ya sauko, ya zo daidai tsayin tsagar, ya zauna a kan layin gawayin nan kamar da ma an auna. Wani dattijo a bayana ya ce “Subhanallah” can ƙasa-ƙasa.

Alƙali ya duba agogon hannunsa ya ce ƙarfe tara da kwata ta ɗan gota. Sannan ya juyo gare ni. “To Injiniya, rana ta ce tara, agogonka ya ce biyu saura. Kai ka ce ba ya kuskure.”

Da zan iya cewa ban sani ba. Ba mai ilimin da zai ƙaryata ni a wurin. Na kalli Baba, shi ba ni yake kallo ba, yana goge gawayi daga yatsunsa. Na miƙa hannu na zare wayar na'urar daga wuta, na mayar. Sha biyu ta fara ƙyaftawa a gaban kowa. Na faɗi komai, batir ɗin, zuwa Kano sau uku, gyaran da na yi a ɓoye ranar satar.

Aka kira Hauwa'u mai injin niƙa ta gidan da ke kallon lungun, don ita ba ta manta ranar da wuta ta yi mata tsiya. Ta ce daren Alhamis aka ɗauke, aka kawo da safe wajen bakwai da rabi bayan yara sun fita makaranta, aka sake ɗaukewa kafin kiran farko na Juma'a, ta bar markaɗen mutane a bokiti. Alƙali ya ɗora awa ɗaya da minti arba'in da bakwai a kan bakwai da rabi, ya faɗi abin da ya samu da ƙarfi. Kamilun da ke hoton injin manomin Jahun yake ɗauke da shi. Lokacin da ɓarayin gaske suka shiga kuwa, kyamarar a mace take.

Alhaji ya fusata, kuma yana da gaskiya. Ya ce in kwance tarkacena yanzun nan in bar masa bango, ya kira ni da sunayen da ba zan maimaita ba. Baba ne ya tare shi.

“Alhaji, a bar ta. Ita ba ta yi ƙarya ba, ta nuna ranar a inda Allah Ya ajiye ta. Ba don ta riƙe mana safiyar nan ba, da me zan nuna wa Malam? Da sai dai in ce ina jin Kamilu ba zai yi ba, wa zai saurare ni?”

Haka aka bar ta. Injinan dai har yau ba a gan su ba, ba a kuma san wanda ya ɓuya a sito ba. Na canza ɗan batir ɗin a makon, Alhaji ya sa na haɗa wa na'urar manyan batiran mota don ta daina mutuwa in an ɗauke wuta. Baba ya ci gaba da aikinsa shekara bakwai bayan nan, shi a gaba ita a baya, har ciwon da ya kwantar da shi kwana huɗu ya rasu. Ni kuma na ɗaura kyamarori a gidaje da shaguna da ban san adadinsu ba, har zuwa na yanzu da ake kallo a waya. Duk mai gidan da ya ce mini tunda ya sa na'ura zai sallami mai gadinsa, mun dinga faɗa ke nan, wasu har sun fasa ba ni aikin.

Da yammacin ranar da aka je lungun aka koma kotu, alƙali ya sallami Kamilu, ni kuma ya yi mini faɗan da tun rasuwar mahaifina ba wanda ya yi mini irinsa. Muka fito waje. Mutanen da jiya suke lissafa ranar da za a yanke hannun su ne suka yi layi suna yi wa Kamilu barka. Rakiya tana gindin darbejiya tana kuka ba sauti. Kamilu ya je ya durƙusa gaban Baba, Baba ya ɗaga shi ya ce Allah zai gode wa. Daga nan ya bi mutane yana gaisawa da su ɗaya bayan ɗaya. Na so in sulale, amma talabijin da wayoyina suna ciki. Na tsaya jikin bango na mayar da hannayena baya.

Ya iso kaina. Idonsa ya faɗa, kwana goma sha biyu sun ci rabinsa. Ya miƙo mini hannunsa na dama ya ce, “Injiniya, na gode da ka faɗi gaskiya.”

Ban miƙa nawa ba. Ina kallon hannun, yatsu biyar, da wani tsohon tabo a babban yatsa. Ya bar shi a miƙe yana jira. Baba Yahuza yana gefe da gorarsa, ya ce a hankali, “Karɓa mana, ɗana. Ai hannun yana nan.”

Na karɓa da hannu biyu. Tafin duk kanta ne, da ɗumi. Na riƙe shi gam. Sai da Kamilu ya ce mini yara suna jiransa a gida sannan na sake shi.